Daga Zaure Zuwa Ƙarƙashin Gada: Wa Ke Ba Mara Gida Masauki?

Muna godiya ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu lafiya. A al'ada wannan shafi na tarihi yakan ba da labarin yadda adashe ya zama asusu, asusu ya zama injin markaɗe da kekunan ɗinki. Bana kwamiti ya ce mu ɗan leƙa waje, domin akwai magana a gaban babban taro da ba za ta yanku da kyau ba sai an san inda ta samo asali. Maganar ita ce: shin ƙungiya za ta ware wani abu daga rarar shekara saboda matar da ta rasa wurin kwana, da wadda ta dawo daga jinyar shaye-shaye, ko kuwa wannan aikin gwamnati ne, mu mu tsaya a kan jarinmu?

Wudil gari ne na hanya tun fil azal. Ga kogi, ga mashigi, ga kasuwar Juma'a, ga titin da ya tashi daga Kano ya nufi Maiduguri. Garin da yake haka kuwa ba ya rabuwa da baƙo. Amma a zamanin kakanninmu baƙo bai cika kwana a fili ba, saboda akwai tsari. Falke yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Wanda ba shi da fatoma yana da zauren mai unguwa ko na wani mai hali, inda ake shimfiɗa tabarma ba tare da an tambaye shi asalinsa ba sai gari ya waye. Ɗan cin rani yana zuwa da kaka, ya koma da saukar damina. Almajiri yana kwana a zauren malaminsa.

Idan maza suna ba da wannan tarihi sukan tsaya a zaure. To, amma tuwon da ake fitarwa zaure daga ina yake fitowa? Daga cikin gida. Mace ce ta daka, ta tuƙa, ta ƙara kwano ɗaya a kan na mutan gida. Almajirin da ya yi dace yana da uwar ɗaki: ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata niƙa, ya je mata aike tunda ita tana kulle, ita kuma ta ajiye masa abincinsa, ta ba shi sabulu ranar Alhamis, ta lura idan ƙazwa ta kama shi, ta yi masa ɗinkin salla. Da yawa daga cikin waɗannan yara sun girma suna kiranta Inna har ta mutu. Babu takarda, babu ofis, amma yaro yana da wanda zai tambaya in bai zo ba kwana biyu.

Har tsari na mata zalla an yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru. Jajojinta, dattawan mata da take naɗawa da malfa, sukan jagoranci matan ƙauye su tako zuwa wurinta neman ilimi, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da ƙyalle. Abin da suka kawo ba ta tara shi don kanta ba, ana raba shi ne ga marasa lafiya da mabuƙata. Duk wadda ta taɓa zuba mudu ɗaya a buhun taimako na ƙungiyarmu ta san wannan aiki ba baƙo ba ne.

Kada dai mu ƙawata jiya fiye da kima. A wancan zamani ma wanda hankalinsa ya taɓu yakan ƙare a turu. Matar da aurenta ya mutu, dangi kuma suka juya mata baya, sau da yawa ƙofar da ta rage mata ita ce gidan magajiya. Zaure na maza ne. Ba a taɓa gina wa mace nata ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya karya tsohon tsarin ba abu ɗaya ba ne. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da gonaki a arewacin Najeriya da Nijar, ya koro mutane birni, kuma da yawansu ba su koma ba da damina ta sauka. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo, filaye suka yi tsada a Kano, gidan gado ya zama gidan haya ɗaki-ɗaki, zaure ya zama shago. Mai hayar ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida ina zai sauke baƙo? Almajirai suka yi yawa, iyayen ɗaki suka yi kaɗan. A watan Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki, mutane sama da dubu huɗu suka mutu, kuma daga cikin mabiyansa akwai ɗimbin gardawa da samarin ƙauye da suka shigo birni ba su da mai tsaya musu. Daga nan kallon da ake yi wa baƙon saurayi ya canza. Da ana ce masa sannu da zuwa, yanzu ana tambayar me ya kawo shi.

Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986. Naira ta faɗi, masaƙu da sauran masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka shiga rage ma'aikata, daga baya da yawa suka rufe. Saurayin da da zai shiga masaƙa ya koma tasha, ko bakin kasuwa yana dako, ko daba. A wannan zamanin ne kuma ƙungiyoyin mata suka bunƙasa, FOMWAN a 1985, shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, domin tukunya ta fara gagarar albashin maigida. Wato matsin da ya tura yara titi shi ne ya tara mata a ƙungiyoyin gama kai. Tushenmu ɗaya da matsalar.

Shaye-shaye ya bi sawun wannan canji. Da farko ƙwayar hana gajiya ce ta direbobi da 'yan ƙwadago, da wiwi na 'yan daba. Sai sholisho, wanda yaran tasha ke shaƙa a tsumma saboda yana kashe yunwa da sanyin dare. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Bayan dawowar siyasa a 1999 kowa ya ga yadda ake tara 'yan jagaliya a ba su kuɗin ƙwaya lokacin kamfe, a watsar da su bayan zaɓe. Duk wannan muna kallonsa a matsayin matsalar maza, matsalar waje. Sai maganin tari mai kodin ya shigo. Ba shi da wari, ba shi da hayaƙi, ana zuba shi a kwalbar lemo, yarinya 'yar aike tana iya sayo shi a kemis. Ya shiga ɗakin amarya, ya shiga gidan biki, ya shiga ɗakin matar da kishi da kaɗaici suka hana ta barci.

A ƙarshen watan Afrilu 2018 BBC ta fitar da binciken da 'yar jarida Ruona Meyer ta yi a kan cinikin kodin, aka nuno samari ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano. Washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, amma masu sha ba su warke ba don an rufe kamfani. Da yawa sun koma tiramol, irin mai ƙarfin 225 da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya alhali abin da hukuma ta amince da shi 50 ne da 100. A farkon 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma in aka leƙa wuraren jinya, mata ba su kai wannan kaso ba ko kusa. Mun san dalili: namiji in ya kamu ana kai shi magani, mace in ta kamu ana ba ta takardar saki.

Gwamnatocin Kano ba su naɗe hannu ba, a faɗi gaskiya. A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar Hisba da ta hukumar Zakka da Hubusi, sai A Daidaita Sahu a 2004. A 2012 gwamnatin Kwankwaso da Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa suka fara auren zawarawa da mutum ɗari-ɗari, da kayan ɗaki da ɗan jari. A wannan zango aka buɗe makarantar gyaran tarbiyya ta Ƙiru domin masu shaye-shaye. A ƙarshen 2013 aka yi dokar hana bara a titi, a Fabrairun 2020 gwamnatin Ganduje ta sake hana barar almajirai, da korona ta zo kuma aka loda yara a motoci aka mayar da su jihohinsu. Kowane mataki yana da amfaninsa. Amma in kun lura, yawancinsu sun ƙware ne wajen ɗauke mutum daga inda ido ke ganinsa. Tambayar da ba a cika amsawa ba ita ce: bayan wata uku, ina zai koma, wa zai karɓe shi?

Babu inda wannan ya fito fili kamar maganar gidajen mari. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da ɗari uku, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin 'yan makonni aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya, a Kano ma aka rufe su. Duniya ta yi Allah wadai, kuma ya dace. To amma wa ya kai yaran nan? Ba sace su aka yi ba. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Uwa ce ta sayar da akuyarta da ɗan kunnenta, bayan yaro ya kwashe mata kwanukan jere ya sayar, ya ɗaga wa ƙanwarsa wuƙa, maƙwabta sun fara rufe ƙofa in sun hango shi. Ta je asibiti an ce babu gado ko kuɗin ya fi ƙarfinta, ta je wurin 'yan sanda sun tsare shi kwana biyu sun sake shi. Mai mari ne kaɗai ya ce kawo shi. Da aka fasa gidajen aka miƙa wa iyaye 'ya'yansu, an kwance sarƙa, amma abin da ya sa aka ɗaura ta yana nan. Uwar ta koma gida da ɗanta, ita kaɗai, kamar yadda ta faro.

Akwai wata hanya da aka gwada a ƙasar nan tun kafin samun 'yancin kai, kuma mutane kaɗan ne suka san labarinta a wajenmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, ya fara aiki a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya zauna da dagatai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, aka yi yarjejeniya. Mara lafiya zai kama ɗaki a gidan mutanen ƙauye, ya biya haya, tare da ɗan uwansa guda, galibi uwa ko 'yar uwa ko gwaggo, mai dafa masa abinci da raka shi. Da safe ya je asibiti a duba shi, da yamma ya dawo cikin mutane, ya je kasuwa, ya ga yara suna wasa. Ƙauyawa ba kyauta suka yi ba: sun samu kuɗin haya, da aikin yi a asibitin, da gyaran ruwan sha. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su a ƙarƙashin kulawarsa. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. In kuka duba da kyau, fatoma ne da uwar ɗaki, aka ƙara musu likita.

Turawa ma da kuɗinsu sun zagayo nan. A ƙasar Finland, tun 2008, an daina ce wa mai kwanan titi ya bar sha tukuna kafin a ba shi ɗaki. Ɗakin ake fara ba shi, da makulli a hannunsa, sannan ma'aikatan jinya su biyo baya. Gwamnati da hukumomin birane da ƙungiyoyin sa kai suka haɗa hannu wajen samar da gidajen. Yawan masu daɗewa ba matsuguni ya ragu ƙwarai. Ba mu da kuɗin Finland, amma hujjarsu kowace uwa ta san ta: wanda bai san inda zai kwana ba yau, ba ya jin wa'azin gobe.

Yanzu mu dawo gida. Wudil ta yau ba ta kakanninmu ba ce. Ga Kwalejin 'Yan Sanda, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ɗalibai sun kawo ciniki, da yawanmu da abincin sayarwa da wanki da ɗinki muke biyan zubi, alhamdu lillahi. Sun kuma sa ɗakin haya ya yi daraja, har mai gida yana ganin asara ce ya bar ɗaki ga bazawarar da ba ta da na biya. Duk wanda ya bi ta kara daren Juma'a, ko ta tasha da asuba, ya ga yara kwance a rumfuna. Waɗannan ana ganinsu. Matan kuwa ba a ganinsu, domin mace ba ta kwana a rumfa sai abin ya kai maƙura. Tana kwana biyu gidan gwaggo, sati ɗaya wurin ƙawa, da jakar leda da goyo, har ranar da wani mai mota ya ce ta zo Kano akwai aiki. Rashin matsuguninta a ɓoye yake, kamar yadda shanta yake a ɓoye.

Shawarar da kwamiti zai kawo gaban taro ba ta gina asibiti ba ce, kuma ba ta zama Hisba ba. Janye jiki daga tiramol ko ƙwayoyin sa barci aikin likita ne. Wanda ya daɗe yana sha in ya yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wannan na asibitin Dawanau ne da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da masu ba da shawara na NDLEA. Dillalin da ke sayarwa kuwa na hukuma ne, babu mambar da za a tura ta fuskance shi. Sasanta miji da mata da ƙwato haƙƙin ciyar da yara na Hisba ne da kotu da mai unguwa. Tun Janairun 2023 ma akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin kada a wulaƙanta shi da sunan magani.

Namu shi ne abin da ke tsakanin waɗannan ofisoshi, wanda babu mai albashin yinsa. Kuɗin mota zuwa Dawanau da dawowa ranar ganin likita, da mace mai hankali da za ta yi rakiya. Ɗaki guda a gidan wata dattijuwa cikinmu, ƙungiya ta biya mata haya kamar yadda aka yi a Aro, da sanin maigidanta da mai unguwa, inda mace za ta sauka na ɗan lokaci kafin a sasanta ta da danginta. Wuri a gaban injin markaɗe ko kaskon ƙuli-ƙuli, domin hannun da ba shi da aiki shi ke komawa kwalba. Sai mafi wuya, wanda ba ya cin ko sisi: a bar ta ta zauna a tabarmar taro ba tare da an matsa gefe ba.

Mun ji ƙorafin da ake yi, kuma ba na banza ba ne. Wasu sun ce kuɗin nan guminmu ne, akwai mambobin da ke jiran rance tun bara. Wasu sun ce mazajensu za su hana su zuwa taro in aka ji ƙungiya tana hulɗa da 'yan ƙwaya. Wata Hajiya cikin iyayenmu ta yi tambayar da ta fi kowacce nauyi: in aka ba ta jari ta shanye fa? Zai faru. Masana sun tabbatar cewa komawa sha bayan magani abu ne da ke yawan aukuwa, kamar yadda hawan jini ke tashi bayan ya sauka. Shi ya sa shawarar ta ce kada a ba da tsabar kuɗi a farko, a ba da aiki da kayan aiki a hannun uwar ɗaki. Kuma asusun ya zama daban, kada ya taɓa zubin kowa ko layin rance. A ganinmu, game da maganar mazaje, gara a gayyato su da limamin unguwa tun ranar farko su ji da kunnensu, da a bari su ji a majalisa an ƙara gishiri.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro, sai a hanyar komawa gida. Ba baƙi kaɗai ake magana a kai ba. A cikin gidajen da wannan mujalla za ta shiga akwai inda ake kulle ɗaki saboda ɗa, akwai inda aka ce 'ya ta tafi wurin 'yan uwa a Gaya ko Kano alhali ba can take ba. Ba za a kira sunan kowa ba, kuma kwamiti ya tsara cewa mata uku kacal za su san wadda aka taimaka, littafin kuɗi zai nuna lamba ne kawai.

Za a karanta shawarar dalla-dalla a babban taro bayan rahoton ma'aji, a saurari masu goyon baya da masu ja, sannan a kaɗa ƙuri'a ta hanyar takarda ba ɗaga hannu ba, don kowa ta zaɓi abin da ke ranta. Wadda ke da ɗakin da za ta iya bayarwa haya, ko wadda ta san hanyar Dawanau ta kuma iya rakiya, ta sanar da sakatariya a keɓe kafin ranar. Allah ya kai mu lafiya.